Ƙaura Ana Cikin Karatu

Mako guda ke nan Firdausi tana safa da marwa tsakanin gidanta na Gwale, da wurin aikinta, da wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidan mahaifinta a Yakasai. Da can ɗakin na ajiye buhunan gero ne, ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama, kuma har yau in rana ta take, warin tsohon hatsi yana tasowa daga bango. A nan ta girke na'urar da ke riƙe da karatun mahaifin nata, Malam Ashafa, na shekara goma sha ɗaya. Duk abin da ya karantar a zaurensa tun ranar da aka kafa kyamara, murya da hoto, yana cikinta. Na'urar nan kuwa mutuwa take shirin yi.

Ba dukkanta ba, in za a yi mata adalci. Abin da ke ɗaukar karatun, yana ajiyewa, yana kuma watsa shi ta intanet ga masu saurare daga Maraɗi har Kumasi, wata kwamfuta ce marar gangar jiki, wadda ke zaune a cikin babbar na'urar kamar ɗan haya. Ita lafiyarta ƙalau. Rumbun ajiyarta ne ya ruɓe. Diski biyu ne suke riƙe da kayanta, kowanne yana ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. Ɗaya ya mutu tun da azumi, ɗayan kuma ya fara wani ƙas-ƙas da ba ya ƙarewa. Wani kwafin a wani wuri kuwa babu. Shekara biyu tana cewa za ta yi, aikin mutane yana cinye mata lokacin aikin gida, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin sai kanta. Yanzu dai ta sayo sabbin diski, ta haɗa sabon rumbu, saura kwashe kaya.

Mai hankali zai ce a kashe kwamfutar, a kwashe kayan a tsanake, a sake kunnawa. Ita ma tana da hankalin, amma ta san abinta. Ranar da aka taɓa kashe ta a watan jiya, sai da ta yi awa huɗu tana lallami kafin ta tashi, kuma a cikin awa huɗun nan wayar Baffa Isyaku, ƙanen Malam, ba ta huta ba, masu saurare suna tambaya ko Malam ne ba lafiya. Don haka ta zaɓi ta yi ƙaurar kwamfutar tana kan aiki. A sana'arsu wannan ba baƙon abu ba ne, a ofis tana yinsa tana kurɓar shayi. Na'ura za ta yi ta kwafe kaya daga tsohon rumbu zuwa sabo, ɗan haya yana harkarsa bai sani ba. Duk sabon abin da ya rubuta, sai a yi masa alama a dawo a ɗauka. Ranar da rumbunan biyu suka zo daidai, cikin ƙiftawar ido a mayar da shi sabon, shi ke nan.

Aibin abin ɗaya ne: in ya katse a hanya, na'urar share rabin aikin take yi, a koma farko. Sau biyu ana komawa farkon. Na ɗaya batirin sola ne ya ƙare. Na biyu wata baƙuwa ce ta jona dutsen guga a layin da Firdausi ta manna wa takarda da jan biro cewa kada a taɓa. Ba ta ko yi faɗa ba, don ba ta da sauran ƙarfin faɗa. Ta fara na uku ran Alhamis da yamma, tana jin ƙarar diskin tana ƙaruwa, ta kuma san a ranta ba zai ɗauki na huɗu ba.

Ran Asabar bayan azahar aikin ya kai kashi casa'in da bakwai cikin ɗari. Ran Asabar ɗin nan kuma, kamar an haɗa baki, ita ce ranar saukar babban littafin fiƙihun da Malam ya shafe shekara tara yana karantarwa, shafi bayan shafi. Bai taɓa kai shi ƙarshe da wasu ɗalibai ba sai waɗannan, kuma mai shekara tamanin da huɗu ba ya sake ɗauko littafin shekara tara. Zaure ya cika har bakin lungu. A sauran ranaku kyamara ɗaya ake kunnawa, amma yau Baffa Isyaku ya ce a kunna duka ukun, a kuma ƙure musu kyau, don ranar ba ta maimaituwa.

Nan gizo ya yi saƙa. Kyamara uku suna ta zubo hoto cikin tsohon rumbu, tsohon diski kuma yana jan ƙafa wajen miƙa kaya. Abin da aka kwashe, kamarsa ya shigo. Firdausi ta zuba wa allon kwamfutarta ido: casa'in da bakwai, casa'in da takwas, sai ya dawo casa'in da bakwai. A gefe kuma akwai wata lamba da ke ƙirga wuraren da suka lalace a jikin diskin. Da safe arba'in ce. Yanzu ta haura ɗari uku.

Minti goma take buƙata, ba ƙari. So take Malam ya ɗan dakata ya sha ruwa, jama'a su miƙe ƙafa, ita kuma ta tsayar da kyamarorin ba tare da an rasa ko kalma ɗaya ba, rumbunan su zo daidai, a wuce wurin. Daga ɗakin zuwa zaure bai fi taku arba'in ba. A ofis da tuni ta ɗaga waya ta gaya wa ko wane ne ya tsaya, kuma da ya tsaya.

Sai dai ita 'yar fari ce. Shekararta arba'in da ɗaya, da 'ya'yanta huɗu, amma Malam bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallon tsakar idonta ba, ita ma ba ta taɓa tsayawa gabansa ta kawo magana ba. In ya ga dama ya ce “waccan”, in ya ji daɗi ya ce “yarinyar nan”. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san ba wanda yake ji da shi kamarta. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma Malam bai rage ko ƙwayar zarra daga cikinta ba. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin wani take bi. Ko da ma ba haka ba, ba macen da za ta keta zaure cike da maza ana tsakiyar karatu.

Ta fito tsakar gida ta sami Gwaggo 'Yardada, ƙanwar Malam, zaune a bakin ƙofar da ke fita soro, tana lura da farantan dabino da alkaki da za a shigar in an sauke. Ta durƙusa ta yi mata bayani a taƙaice, ta maimaita mata sau biyu: minti goma, Malam ya dakata, in ba haka ba karatun shekara goma sha ɗaya zai iya tafiya.

Gwaggo ta riƙe haɓa. “A ce da Malam ya yi shiru? Yau?”

“Ba shiru ba, Gwaggo. Ya ɗan huta.”

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta leƙa, ta yafito Baffa Isyaku. Firdausi tana ji daga inda take tsaye Gwaggo ta ce masa wai 'yar nan ta ce injin ya gaji, in da hali a ɗan sassauta masa. Kafin ta gyara maganar Baffa ya juya. Ta koma ɗaki da sauri, ta gan shi a allo yana rarrafe tsakanin gwiwoyin mutane har ya kai kunnen Malam. Abin da ya rage na saƙon bayan ya bi ta bakin mutum biyu masu ladabi, Allah kaɗai ya sani. Malam dai ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya ƙara wa na'urar nan lafiya, ya yi albarka ga masu wahala da ita. Zaure ya amsa da amin mai ƙarfi. Kyamarorin uku suka ɗauki addu'ar tsaf, suka ƙara wa diskin kaya.

Dariya ta so ta kama ta, amma ba ta fito ba. Ta yago takarda ta rubuta da manyan baƙi abin da take so, ba ado ba sakayawa, ta ba Gwaggo ta miƙa. Wannan karon Baffa da kansa ya shigo har tsakar gida, takardar a hannunsa. Mutum ne mai sanyi, ya yi shekara hamsin yana zama a hannun daman yayansa, kuma bai taɓa katse shi ba ko a hira. Ya ce ya gane, wallahi ya gane. Amma shafi huɗu ya rage.

“Kin san yadda yake yanzu,” ya ce yana rage murya. “In ya kama zare tafiya yake kamar da. In aka katse shi, sai ya nemi inda yake ya rasa. Kina so haka ta faru da shi a gaban wannan jama'a, ran sauka?”

Ba ta so. Ta ce to, ya ce ta yi haƙuri, ya koma.

Ta zauna a kan tabarma, ta juya fankar da take sha ta fuskanci na'urar, gumi ya shiga bin bayanta. Idonta yana yaji, ƙugunta ya riƙe, rabonta da abincin kirki tun jiya da rana. Ta gaji da na'urar, ta gaji da gidan da sai an bi ta mutum biyu kafin a ce a sha ruwa, ta kuma gaji da kanta da ta bar abu ya kai haka. A ƙaramar lasifikar kwamfutarta muryar Malam tana tafiya a hankali, mai karanta Larabcin yana ja, shi yana fassarawa, yana kawo misali da 'yan kasuwar Kurmi da rigimar magudanar ruwa tsakanin maƙwabta. Muryar da ta girma tana ji ta bayan katanga ce. Sai da ta kafa kyamara a zauren sannan ta san yadda fuskarsa take in yana karantarwa.

Shafi huɗu a bakin Malam Ashafa ba abin minti ashirin ba ne. Awa ɗaya ta wuce. Lambar lalacewa ta kai ɗari shida, ta kai ɗari tara. Sau ɗaya ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke ɗif, hoton ya daskare, ta dafe ƙirji tana ƙirgawa har bakwai kafin ya dawo. Maɓallin tsayar da kyamarorin yana nan ƙarƙashin yatsanta tun ɗazu, ba ta buƙatar izinin kowa ta danna shi. Abin da ya hana ta, duk minti ɗin da ta yanke, ta yanke shi ke nan har abada.

Can dai mai karatu ya kai layin ƙarshe. Malam ya fassara, ya ce Allah ne mafi sani, ya rufe littafin da hannu biyu. Zaure ya kaure da kabbara da hamdala, wasu suna share ido, aka fara miƙo farantan dabino ta saman kawuna. Firdausi ta ce a ranta an gama. Abin da ya rage hayaniya ce, da gaishe-gaishe, da rabon alkaki, ba wanda zai yi kukan rashinsu. Diskin ya sake ɗaukewa, ya dawo. Ta yi bisimilla ta danna.

Allon zaure ya yi baƙi, lasifika ta yi shiru. Daga ƙuryar nan ba a jin komai na waje sai kukan akuyar maƙwabta. Ta ƙura wa lambar ido. Casa'in da takwas, ta tsaya, ba ta dawo baya ba. Casa'in da tara. A nan ta daɗe har Firdausi ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai ɗari. Na'urar ta rubuta cewa rumbunan sun zo daidai, ta mayar da kwamfutar kan sabon, ko tari ba ta yi ba. Shekara goma sha ɗaya sun tsallake. Ta duba agogo, minti goma sha ɗaya aka yi. Ta kunna kyamarorin.

Hoton da ya dawo ba na hayaniya ba ne. Farantan suna tsakiyar zaure ba wanda ya taɓa su. Mutane sun sunkuyar da kai tsit, Ado tela, wanda ya fi kowa daɗewa a gaban Malam, yana kuka kamar ƙaramin yaro, Malam kuma yana shafa addu'a a fuska. Ba ta san me ya wuce ba, amma ta san wani abu ya wuce.

Bayan la'asar Baffa Isyaku ya shigo fuskarsa tana sheƙi, har bakin ɗakin, abin da bai saba ba. Ya ce yau sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Ana shigo da dabino Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce akwai amanar da zai sauke. Ya jero silsilar littafin: shi ya karɓa daga Malam Mamman na Zaitawa, shi kuma daga wane, daga wane, malami goma sha tara, kowanne da garinsu, har zuwa kan mawallafin. Ya ce haka malaminsa ya ba shi da baki ranar da ya sauke, sau ɗaya, bai yarda a rubuta ba, kuma ya ce kada ya faɗe ta sai ranar da shi ma ya sauke wa wasu. Shekara sittin tana cikinsa.

“Ki ware mana wurin nan daban,” Baffa ya ce. “Kowa yana so.”

Ta gaya masa ba a ɗauki wurin ba, ta tsayar da kyamarorin. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta ƙoshi da kwana-kwana a ranar. Baffa bai yi faɗa ba. Ya nemi dokin ƙofa ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ta tambaye shi ko wani ya ɗauka a waya, alhali ta san amsar: dokar Malam ce, duk mai shiga zaure ya kashe wayarsa ya ajiye a kwandon bakin ƙofa. Masu saurare daga nesa kuwa baƙin allo suka gani. Ta tambaya ko wani ya rubuta. Baffa ya girgiza kai. Da can kowa da alƙalaminsa yake zuwa, ya ce, amma tun da aka kafa kyamara aka daina. Mutum tamanin a zaure, kowa ya saki jiki yana kuka, don ya san ana ɗauka.

Tsohon diskin, da aka sauke masa kaya, ya ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsa har aka kira magariba, sannan ya yi shiru bai sake motsi ba. Ko zai kai hakan da a ce kyamara uku suna kansa, ko kuwa tun a tsakiyar silsilar zai mutu da komai, ba wanda zai iya gaya mata. Ta yi ta juya lissafin a hanyar Gwale har kanta ya yi ciwo.

Washegari tun da sassafe Baffa ya bi ɗaliban gida-gida da shago-shago. Ado tela ya riƙe uku na farko. Wani mai sayar da turare ya ce akwai wani Bafillace daga gabas, amma bai san ko na shida ba ne ko na tara. Biyu suka yi gardama a kan wani suna har aka raba su. Da hantsi ya dawo da suna biyar na farko a bayan wata takarda, ya ce saura hanya ɗaya.

Suka shiga turakar Malam su uku. Baffa ya zauna kusa da shi, Gwaggo 'Yardada a gefe, Firdausi ta durƙusa a bakin ƙofa inda ta saba, takardar da biro a ɓoye cikin mayafinta. Malam yana kishingiɗe, jiya ta cinye shi, fuskarsa ta faɗa amma a sake take. Baffa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce mutanen cikin gida ba su samu jin silsilar ba, ko Malam zai maimaita musu don tabarruki.

Malam ya yi murmushi ya gyara zama. Ya fara da Malam Mamman na Zaitawa, ya faɗi na biyu, na uku, na huɗu. Firdausi tana bi da biro a ƙarƙashin mayafi, duk suna cikin takardar. Ya faɗi na biyar. Sai ya tsaya. Leɓensa ya yi motsi, ya koma kan na huɗu, ya sake zuwa na biyar, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya yi 'yar dariya, ba ta baƙin ciki ba.

Ya ce wata uku ke nan tana ɓace masa daga nan, yana tashi yana roƙon Allah ya dawo masa da ita ko sau ɗaya, kada ya mutu da kayan mutane. Jiya yana rufe littafin sai ga ta gaba ɗaya, kamar ana karanta masa. Yau kuma ta koma inda ta fito.

“Ba komai,” ya ce, ya nuna bakin ƙofa da haɓa ba tare da ya kalla ba. “Ku tambayi yarinyar nan. Tana cikin na'urarta, ita ba ta mantuwa.”

Firdausi ta ɗago kai. Tsakaninta da shi bai fi taku uku ba, kuma maganar tana bakinta. Gwaggo ta kafe ta da ido. Kafin ta buɗe baki Baffa Isyaku ya riga ta.

“Tana nan, Malam.”

“Alhamdu lillahi,” Malam ya ce, ya koma ya kishingiɗa, ya lumshe ido. “Na sauke. Allah ya yi mata albarka.”

Gwaggo da Baffa suka ce amin. Firdausi ta ninke takardar mai suna biyar a cikin mayafinta, ita ma ta ce amin, don ba a barin albarkar uba ba a amsa ba.